Rabon Wanda Bai Dawo Ba

Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Kaka, uwar mahaifina, ta riga mu. Ta rasu bayan an gama ɗaurin gero, da hantsi, a ɗakinta, a ƙauyenmu na kusa da Sabon Gida. Ina Madawa ina fama da yaran lekol, makarantar boko, aka aiko mini, kafin in iso har an rufe ta.

Maza na ƙofar gida a kan tabarmi, kowa ya zo sai a ɗaga hannu a yi fatiha. Abin da suka fi faɗa a kanta furarta ce. Wani dattijo ya ce ita kaɗai ce macen da ta taɓa korarsa daga bakin rijiya don ya tsallake layi da jakinsa. Yana faɗa yana dariya yana share ido da bakin rawani.

Mata kuwa wani abu suke yi, har wata baƙuwa ta tambaye ni ko gawar tana ciki har yanzu. Kowace ta shigo sai ta durƙusa gaban Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta ce, "Ina haƙurinmu? Allah shi jiƙanta, Allah shi sa ta huta." Daga nan ba ta neman tabarma. Sai ta miƙe ta shige ɗakin Kaka, ta tsaya ta fuskanci bango, ta ɗan jima, ta fito, wata ta shiga. Har da wata tsohuwa da ta tako tun daga Allakaye da sandarta, da wasu daga wajen Buza waɗanda ni ban ma san su ba.

Na ce wa baƙuwar babu gawa, hoto suke kallo. Ta dube ni kamar na zage ta.

Ina rabon gumbar sadaka matar maƙerin garinmu ta damƙe mini wuyan hannu.

"Ke, mai boko. Wai da gaske Babanku Ƙarami za shi kai ruwan Kaka Madawa shi saida ma Nasara?"

"Wa yaf faɗa maki?"

"Gari duk ya ɗauka. In anka ɗauke shi, mu ina za mu tsaya?"

Mijinta ya tafi Kurmi, can kudu wajen teku, neman kuɗi tun kafin yaƙin Nasara, bai dawo ba, bai aiko ba. Na zare hannuna na ci gaba da rabo.

Na zauna rubuta wannan ne saboda tun ba a yi sadakar bakwai ba na ji an fara gyara Kaka. Wai mai haƙuri ce, wai ba a taɓa jin muryarta ba. Ƙarya ne. Ana jin muryar Kaka daga masussuka. Ba na so a binne ta sau biyu, sau ɗaya a ƙasa, sau ɗaya a bakin masu yabo.

Abin da mata ke kira ruwan Kaka, mu a lekol tablo muke ce masa. Zane ne na fentin mai a kan ƙyalle mai kauri, faɗinsa bai wuce babban faifai biyu ba, an kewaye shi da katako mai ruwan zinariya wanda rabinsa ya ɓare. Teku ne a ciki. Ruwa kore mai duhu yana tasowa yana dukan baƙaƙen duwatsu, an shafa farin kumfa da kauri har ana jinsa da yatsa. Can nesa ga ƙaramin jirgi, an ɗaura masa jan ƙyalle iska ta cika shi. A cikin jirgin akwai ɗigon baƙi, bai fi ƙwayar wake ba.

Yadda ya shigo gidanmu ba abin alfahari ba ne, Kaka ma ba ta taɓa ƙawata labarin ba. Shekarar da fara ta cinye gonaki, an kwashi matan ƙauyuka aikin tilas a barikin Madawa, ɗiban ruwa da daka. Tana cikinsu. Kwamandan lokacin, Nasaran da ke mulkin yankin, ciwo ya kayar da shi, aka ɗora shi a kamyo, babbar motar kaya, aka tafi da shi, bai sake dawowa ba. Kuku da masu gadi suka raba abin da ya bari, kujeru, kwalabe, fitila. Tablo na jingine a bango ba wanda ya kula shi. Ranar da aka sallami mata, Kaka ta ɗauka.

Na taɓa tambayarta ko kyansa ne ya ja ta.

"Wane kyau? Rana ta yi zahi, ga hanya da nisa, nig ga abu mai hwaɗi. Laima niy yi da shi."

Da ta iso gida ta toshe ƙofar akurki da shi, zanen yana kallon ciki. Damina biyu ya yi a nan. Takan ce kajinta sun riga kowa ganin teku a ƙasar nan, kuma bai ƙara musu ƙwai ba.

Daminar da ta biyo ma ba ta yi albarka ba, ga lanho, harajin Nasara, ba ya jiran damina. Mahaifina ya bi ayarin samari zuwa Kurmi, ya ce zai dawo kafin shuka. Ina ƙarama sosai. Abin da na riƙe nasa malfarsa ce, da yadda ya sunkuya kafin ya fita daga zaure. Aka yi shuka, aka yi girbi, abokan tafiyarsa suka dawo ba shi. Suka ce a Ikko suka rabu, ya samu aikin dako a bakin jiragen ruwa.

Ɗaya daga cikinsu ya zo gaida Kaka, ya tarar iska ta kifar da murfin akurki, zanen na kallon sama. Ya tsaya cik.

"La ilaha illallahu! Inna, ina kinka samo teku?"

"Mi ne ne teku?"

"Wanga ruwa. Shi ne ƙarshen ƙasa. Bakinai muke aiki."

Kaka ta ajiye taɓarya. "Nan ɗana yake?"

Mutumin ya daɗe yana kallo, in ji Gwaggo da ke wurin. Sannan ya sa yatsa a gefen duwatsu, ƙasa ta hagu, ya ce, "Nan wajen muke dako."

Ranar Kaka ta wanke kashin kaji da ruwan ɗumi, ta kafa turke a bango, ta rataye shi daidai inda hasken ƙofa ke sauka.

Ba wanda ya yi shela. Haka kawai abin ya zama al'ada. Duk namijin da ya dawo daga Kurmi, in ya zo gaida Kaka, sai ta shigar da shi ta ce ya nuna inda ya zauna. Kowa kuma wurin nan yake nunawa, gefen duwatsu, ƙasa ta hagu. Matan da mazansu ko ƴaƴansu suke can suka fara zuwa, in saƙo ya yi jinkiri, in an yi mugun mafarki, in an haihu uban bai sani ba. Su tsaya, su ɗora yatsa a wurin. Yau in kun duba, fentin wurin ya goge tas, zaren ƙyallen ya fito fari.

Kaka ba ta taɓa ce wa ko ɗaya mijinki zai dawo ba. Na saurara shekara da shekaru, ban taɓa ji ba. Abin da take cewa shi ne, "Duba ki hito, akwai mai jira." In mace ta fito tana hawaye sai ta tura mata ƙwarya da ƙafa. "Sha hura tukun. Kak ki yi mani kuka da cikin wohi, in kin hwaɗi ba ni iya ɗaukarki."

Kaka ɗiyar Arna ce. Ubanta shi ke yanka a gindin dutse kafin a yi shukar fari. Da aure ta kama salla, ta kuma riƙe ta gam har ta mutu, amma ba a zagin ubanta a gabanta. To da mata suka yawaita a ɗakinta, sai magana ta tashi: wai jini ya motsa, ta kafa tsafi a bango. Liman ya zo da kansa. Lokacin gemunsa baƙi ne. Ina maƙale da zanenta na ji komai.

"Inna, mi ake yi nan ciki?"

"Kallo, Malam. Ba mu yanka mashi komi, ba mu roƙonai komi. Shigo ka gani, ba ya cizo."

Ya shiga ya duba sama da ƙasa. Ya ce ruwa da dutse da itace ba su da rai, babu laifi. Amma ga tsuntsaye farare suna shawagi a saman ruwan, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da surar mai rai.

Kaka ba ta yi gardama ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ta tafi marina ta roƙo shuni a sakaina, ta tsoma babban yatsa, ta dangwale tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya. Ta ja baya ta duba. "To, sun zama hadari. Dama shi muka nema."

Liman ya dawo washegari ya ga aiki. Ya gyaɗa kai, har ya juya, sai ya ƙanƙance ido ya nuna ɗigon nan na cikin jirgi.

"Wanga hwa?"

"Buhu ne, Malam."

"Buhu da kai?"

"Buhun da anka ɗaure ma baki."

Suka kalli juna. Shunin na nan a sakaina a ƙasa, bai ƙare ba, shi ma ya gan shi. Can ya ce, "Allah shi ne masani," ya sa takalmansa ya tafi.

Yana fita ta ɗaga ni sama har fuskata ta zo daidai jirgin. "Gaida ubanki."

"Ba buhu ba ne?"

"Ga Liman buhu ne. Gaida shi, hannuna ya gaji."

Kulawar da ta yi wa tablon nan, da wani mai zane ya gani da ya suma. Lokacin ɗari in fenti ya fara tsagewa, abin da take yi wa fason ƙafarta da sabuwar ƙwarya shi take yi masa: man shanu. Ta shafe shi tas da tafin hannu har ya yi ƙyalli. Tururuwa su biyo, ta bi su da zagi har kakanninsu. Hayaƙin wutar jin ɗumi ya hau kan man ya zauna. Shekara bayan shekara ruwan yana ƙara duhu, ita kuwa ta ce hadari ne ke ƙara haɗuwa.

Alherinta mafi girma ba mai taushi ba ne, kuma Inna, mahaifiyata, aka yi wa shi. Inna ta yi shekaru tana jira, ta rame, kullum tana gaban bango. Wata safiya Kaka ta tsaya mata a ƙofa.

"Yau ba ki shiga."

"Mi niy yi?"

"Ba ki yi komi ba, shi ne abin da ad dame ni. Ni uwa ce, jira aikina ne, ba ni da wani. Ke yarinya ce. Tashi."

Da ƙafarta ta je wurin Liman ta ce a duba abin da shari'a ta ce, a warware auren ɗanta. Mutane suka ce wace irin uwa ce wannan. Ta ce irin wadda ta haife shi. Inna ta yi aure wajen Keita, yanzu ƴaƴanta huɗu. Ranar ta'aziyya ta fi kowa kuka, kuma ita kaɗai ce ba ta shiga ɗakin ba, ta ce an hana ta tun tuni.

Ni na zauna hannun Kaka. Da aka ce mai gari ya ba da yara a kai lekol, ya yi abin da masu gari ke yi, ya zaɓi waɗanda babu uba a ƙofar gidansu. Kaka ta yi masa tas a gaban fadawansa, bai hana an tafi da ni ba. Ta biyo mu har Madawa, ta sa aka fassara wa mushe, malamin lekol, magana ɗaya: "In za ka doke ta, ka tanadi dalili, don sai ta tambaye ka." Daga Madawa aka wuce da ni Yamai, daga Yamai aka tura ni makarantar ƴan mata can ƙasar Senegal, a bakin teku. Ni da aka ɗauka don ba ni da uba, ni ce macen farko a garinmu da ta sa ƙafa a cikin ruwan.

A nan faɗanmu ya samo asali. Wata rana an fita da mu birni, kusa da tashar jiragen ruwa, na ga kantin da ake sayar da kayan adon ɗaki. Ga ruwan Kaka a jere, ya fi biyar. Duwatsun nan, kumfan nan, jan ƙyallen nan. A wani jirgin yana dama, a wani yana hagu, shi ke nan bambancin. Na tambayi mai kantin. Ya ce daga Faransa ake kawo su cikin akwati, masu zane ne ke zama a ɗaki ɗaya suna yin su da yawa, wani ya yi sama, wani ya yi ruwa, a sa kowane suna a gindi. Ma'aikata masu zuwa ƙasashenmu ke saye don bango kada ya zauna tsirara. Tekun kuma na ƙasarsu ne, ƙasar sanyi.

Da na zo hutu ban ko huta ba na faɗa mata. Ni ba na iya riƙe magana, ita ta koya mini.

"Kaka, wanga ba tekun Ikko ba ne. Ba a dako a wurin nan. Wanda yaz zana shi ma bai san akwai Ikko ba."

Ta ci gaba da kaɗa audugarta. Yinin nan ko abinci Gwaggo ce ta miƙo mini. Da la'asar ta kira ni.

"Ke, mallama. Ruwan da kinka gani, da gishiri?"

"Da gishiri."

"Na Ikko hwa?"

"Shi ma."

"Na ƙasar sanyin?"

"Duk ɗaya."

"Akwai katanga tsakaninsu?"

Na so in yi ƙarya, amma na zana taswira sau ba adadi. Na ce babu, a haɗe suke.

"To mi kike ma hayaniya?" Ta murza mazari. "Kina tsammanin ke kinka hwara gani? Mazan ga da ka zuwa suna nuna mani wuri, makahi ne? Na hwarkonsu sai da yay yi zuhwa kahin shi aza yatsa. Ina kallonai. Sun sani, na san sun sani. Mace na son inda za ta aza yatsa, ke kina son ta aza shi bisa iska?"

Na ce duk da haka ba Ikko ba ne. Ta ce duk da haka in tashi in ɗebo ruwa. Ba ta janye ba, ban janye ba, muka ci tuwo kwano ɗaya. Har ta rasu in na shigo takan ce, "Ga mai tekun gaskiya ta iso."

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Magada uku ne: Baba Ƙarami, Gwaggo, da mahaifina. Ni ba ni da komai, jikar da ke da baffa a raye ba ta gado, na sani, ban kuma zo nema ba. Liman, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat, ya bayyana cewa wanda ya ɓata ba a ce ya mutu. Rabonsa ware shi ake yi a ajiye, ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, har ya dawo ko sa'o'insa su ƙare a duniya.

Aka fito da kaya: damman gero, awaki, gado, tukwane, tasoshi. Kowanne Liman ya tambayi dattawa ƙimarsa. Sai aka zo kan tablo.

Baba Ƙarami ba mugu ba ne, kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka haka. Shi ya noma gonar Kaka tun tafiyar wansa, shi ya ciyar da ni. Amma wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi ya faɗa masa cewa a Faransa ya ga gidan da ake tsaron irin waɗannan hotuna da bindiga, guda ɗaya ya fi garken raƙuma. Maganar ta shiga kansa ta zauna.

"Malam, abin ga na kwamanda ne. Ga ruwan zinariya, ga sa hannu a gindi. In ya kai raƙumi ko guda, ya hi duk abin da ke tsakar gidan ga. Ba ya shiga rabon mutum ɗaya. Sai a saida a raba."

Liman ya ce gaskiya ne, in ya kai haka sai an sayar. Amma shi bai san ƙimar teku ba, a kai wa wanda ya sani.

Na ce, "Baba, ni na sani. Na ga ƴan'uwansa a jere kamar ƙwarya a kasuwa."

"Ke ɗiyar ɗakin ce, bakinki ɗaya da matan ga. A bari Nasara shi hwaɗa."

Ranar kasuwar Madawa muka naɗe shi a tabarma muka ɗora wa jaki. Da muka fito, mata na tsaye a ƙofofinsu, ba wadda ta ce a sauka lafiya. A bangon Kaka sai wani fili mai haske, inda hayaƙi bai taɓa ba.

Nasaran da ke riƙe da babban kanti aka ce ya san irin waɗannan abubuwa. Ni ce mai fassara. Baba ya ce in faɗi duk abin da aka ce, kada in rage kada in ƙara. Na ce dama ban iya ragi ba.

Nasaran ya fito da shi haske. Bai fara da gaba ba, baya ya juya. Ya nuna hatimin shagon da ya sayar da ƙyallen, ya ce na inji ne, ba tsoho can ba, bai girmi Baba ba. Ya sa farce a katakon, ruwan zinariyar ya ɓare, farar ƙasa ta zubo. Ya ce ba sassaƙa ba ce, zubi ne. Ya karanta sunan da ke gindi, ya ɗaga kafaɗa, ya ce babu mai zane mai wannan suna da aka sani, irin sunan da ake sa wa na kanti ne. Ya nuna kumfan, ya ce da wuƙa aka shafa shi, bugu ɗaya, hannun wanda ke yin goma a yini. Duk na fassara. Baba yana jin kowace magana kafaɗarsa na ƙara sauka.

Sannan ya kai hanci ya sansana, ya dubi yatsunsa.

"Wa ya shafa masa man shanu?"

Na ce kakata. Ya nuna shuɗɗan tabban da ke sama. Na ce tsuntsaye ne, an rufe su don mala'iku su shigo. Ya nuna inda ya goge. Na ce yatsun mata ne. Sai ya fashe da dariya har yana dafa tebur, ya kira matarsa ta zo ta gani. Ya ce ko sabo ne ba wani abin kirki zai yi ba, yanzu kuwa ko wannan ya tafi. Amma zai ba da kan sukari, dunƙule guda, don yana so ya kai gida ya nuna wa abokansa abin da aka yi wa teku a nan, su yi dariya.

Baba ya ce, "Mi yac ce?"

Na faɗa masa duka, har da abokan, har da dariyar.

Baba ya matsa gaba. Ya karɓi tablon daga hannun Nasaran, a hankali, ya sa bakin rigarsa ya goge inda farce ya taɓa. Ya shimfiɗa tabarma a ƙasan kantin ya naɗe shi da kansa, ya ɗaure.

"Hwaɗa mashi uwata ta rasu. Hwaɗa mashi shi sha sukarinai."

Wannan ma na fassara, ban rage ba.

A hanya, mun wuce rabin tafiya, ya juyo wajena. "Ashe gaskiya kinka hwaɗa." Na ce ai kullum ita nake faɗa, ita ce ba a so. Ya ce, "Bakin nan nata bai mutu ba," ya tsunkuli jaki.

Da aka sake zama, Liman ya tambayi abin da masani ya ce. Baba ya ce kan sukari guda. Wani dattijo ya yi dariya, wani ya ce to a ba Gwaggo ta rufe tulu. Ni kuwa na riga na yi tunanina tun a kan hanya, kuma ko da mace ba ta magana a wurin rabo, na yi.

"Malam, abin da bai wuce kan sukari ba yana shiga rabon mutum ɗaya?"

"Yana shiga."

"To a sa shi a rabon ubana."

Liman ya dube ni, ya dubi Baba. Baba ya ce shi bai ƙi ba. Gwaggo daga bayan zana ta ce ita ma. Liman ya ce to kowa ya ji: abin da ya shiga rabon wanda ya ɓata ba mai sayar da shi, ba mai kyauta da shi, ba mai gusar da shi daga inda mamaciya ta bar shi, sai mai shi ya zo. Ya fara lissafa rabon mahaifina da ƙarfi don shaidu su ji. Damman gero kaza, Baba zai riƙa juya su kada su lalace. Akuya da ɗiyarta. Tukunyar ƙarfe.

"Da ruwan ga," ya ce, ya ɗora hannu a kan tabarmar. Ya dubi inda nake. "Da jirgin. Da buhun da ke ciki."

Baba ne ya mayar da shi kan turkensa. Ɗakin a buɗe yake, Gwaggo ke share shi, ita ke dama fura. Matar maƙeri ce ta fara shiga, ta fito ta ce mini ya karkace, in gyara. Na gyara.

Kaka, na gode da riƙo, na gode da baki, na gode da ba ki taɓa ce mini zai dawo ba. Allah ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke ruwan da babu gishiri a cikinsa. Allah ya sada ki da wanda kika jira, in ya riga ki. In kuwa yana nan da rai a wani bakin ruwa, to ya sani rabonsa na rataye a bango.

Ɗari ya shigo, na ga fentin ya fara tsagewa ta wajen duwatsu. Na san sarai abin da man shanu ke yi wa zane, da kunnena na ji, da bakina na fassara. Na aika a sayo mini na ranar kasuwa.